Ganyen da Mama ta bar min amana

Duk wadda ta shigo gidana kwanan nan sai ta tsaya a bakin tagar falo ta tambaye ni, "Wannan ganyen na roba ne?" Wasu ba sa yarda sai sun kai hannu sun shafa. Na gaji da ba da labarinsa guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, da daɗinsa da abin kunyar da ke cikinsa.

Yau shekararmu 11 muna haya a gida ɗaya a Ibadan, ba nisa da Sabo. Mai gidan wata dattijuwa ce Bayarabiya, tsohuwar malamar makaranta, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita tana sama, mu muna ƙasa. Tana jin Hausa daidai gwargwado, domin ta yi koyarwa a Kaduna tun tana budurwa. Tun ranar da muka tare take kirana Amarya, har yau da nake da 'ya'ya huɗu ba ta canza ba, ni kuma ina ce mata Mama. Duk wanda ya san zaman haya a kudu ya san darajar samun mai gida irin wannan. Sau biyu kasuwa ta juya wa maigidana baya, sau biyu tana ɗaga mana ƙafa ba tare da wani ya ji ba.

Wata rana a ƙarshen damina ta aiko a kira ni. Na hau na same ta cikin akwatuna, za ta tafi Ingila wurin ɗanta a yi mata aikin gwiwa. Ta kai ni barandarta ta baya, ta nuna min wata tukunya a kan kujera 'yar tsugunne. Ta ce, "Amarya, sauran furannin nan yaron da ke share tsakar gida zai ba su ruwa. Wannan kuwa ke na ba wa. Baban yarana ne ya kawo min shi, ya fi shekara 20 a hannuna. Wata uku zan yi in dawo." Ta fara yi min bayanin yadda ake kula da shi, ni kuwa ina ta "to, Mama, to, Mama", hankalina yana kan tukunyar da na bari a wuta. A raina na ce, ni da na tashi a gidan noma, shuka ɗaya ce za ta gagare ni?

Da na sauko da shi maigidana ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ana miya da shi?" Na ce a'a. "Magani ne?" Na ce ban ji ba. "Yana 'ya'ya?" Na ce ban sani ba. Ya yi dariya ya ce to Allah ya ba da ladan aiki. Ban ga laifinsa ba. Mu a gidanmu abin da ake shukawa a tsakar gida shi ne zogale, lalle, na'a-na'a, sai ɗan rama ko yakuwa a bayan ɗaki, kowanne da amfaninsa. Shukar da aikinta kawai a kalle ta baƙuwa ce a wurinmu.

Amma fa abin kallon ne. Ganye bakwai gare shi a lokacin, babban cikinsu ya kai faifai. Siffarsa irin ta zuciyar da yara ke zanawa a takarda, launinsa kore mai duhu, in ka shafa sai ka ji kamar karan-miski. Jijiyoyin ganyen farare ne tas, suna ɗan walƙiya kamar an yi masa surfani da zaren azurfa. Idan hasken safiya ya shigo ta taga ya sauka a kansa sai ka rantse wani ne ya zauna ya zana.

Babbar ɗiyata, wadda ke karatun kimiyya a sakandare, ita ta nemo mana sunansa. Anturiyam ake ce wa danginsa, wannan nau'in kuma masana suna kiransa Anthurium crystallinum. Asalinsa dazuzzukan Kolombiya da Panama ne, can yankin Amurka mai zafi da yawan ruwan sama. Dangin nasa babba ne, nau'o'in sun kai kusan 1,000, kuma dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne, daga Meziko har arewacin Ajantina. Wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya mai suna Heinrich Schott ne ya raɗa musu wannan suna a 1829, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar fure da wutsiya, saboda furen nasu tsinke ne siriri kamar wutsiyar ɓera. Da yawanku kun san ɗan uwansa mai jan fure mai sheƙi kamar roba, wanda ake ajiyewa a otal-otal da ofisoshi. Wancan don furensa ake ajiye shi. Namu kuwa furensa ba abin a zo a gani ba ne, ɗan koren tsinke ne kawai, duk kwalliyarsa a ganye take. Yana da 'yan uwa irinsa: akwai clarinervium na jihar Chiapas a kudancin Meziko, mai kaurin ganye, wanda ke fitowa a kan duwatsu, akwai veitchii na Kolombiya, da ake yi wa laƙabi da sarkinsu, wanda ganyensa ke saukowa ƙasa ya wuce mita ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce min gidansu ɗaya da gwaza da makani. Da na sake kallon siffar ganyen sai na ga kamar. Kuma wannan labarin ne ya kai ni ya baro. Na san gwaza, na san a fadama ake noma shi, yana son ƙafarsa cikin laka. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ɗan uwan gwaza ma ruwa yake so.

Na shiga ba shi ruwa safe da yamma, kamar mai shayar da ɗan maraƙi. Na sa faranti a ƙarƙashin tukunyar don kada ya ɓata min daɓe, ruwan da ya tsane ya taru a nan, ban zubar ba. Bayan 'yan makonni ganyen ƙasa ya fara yin rawaya. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Da hunturu ya shigo a watan Disamba, gefen ganyayen ya fara bushewa yana yin ruwan ƙasa. Na leƙa cikin tukunyar, na ga babu ƙasar kirki a ciki, sai gutsattsarin ɓawo da gawayi da wasu tarkace. Na ce haba, Mama ta bar bawan Allah cikin yunwa. Na aiki yaro ya ɗebo min baƙar ƙasa mai danƙo, na haɗa da kashin awaki, na juye tsohon tarkacen, na cusa masa sabuwar ƙasa na danne sosai. Don in cika alheri, na fitar da shi tsakar gida ya sha rana. Kwana biyu a rana, manyan ganye biyu suka yi tabo fari-fari kamar an ɗora musu dutsen guga.

Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Kafin tsakiyar Janairu ganye biyu kacal suka rage, su ma sun yi laushi sun sunkuya, ga ƙasa jiƙe sharkaf. In ka kai hanci kusa da tukunyar sai ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen dankali.

A cikin wannan hali Mama ta kira ni a waya. An ɗaga ranar aikinta, ta ce ba za ta dawo da wuri ba. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Yaya ganyena?" Bakina ya riga tunanina, na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Mama." Ta yi ta sa min albarka. Na ajiye wayar jikina a sanyaye.

Washegari na ɗauki hotonsa na farko da ke wayar ɗiyata, na bi masu sayar da furanni na bakin titi ɗaya bayan ɗaya. Niyyata in sayi wani irinsa in saka a tukunyar Mama, in ta dawo ba za ta gane ba. A wuri na huɗu na samu. Ganyensa uku, bai kai na Mama girma ba, kuɗinsa kuma ya kusa kuɗin cefanenmu na mako biyu. Na ce zan dawo. Da daddare na gaya wa maigidana, ina tsammanin kuɗin zai yi wa magana. Sai ya ce, "Kuɗin ba komai ba ne, in kin ce a saya sai a saya. Amma matar nan ba ganye ta ba ki ba, abin mijinta ta ba ki. In kin mayar mata da wani, me kika mayar?" Ban amsa ba. Ya ƙara da cewa akwai wani dattijo mutumin Zariya da suke sallah tare, wanda ya shekara talatin yana aikin gadina a gidajen manya, bari ya roƙe shi ya zo ya duba.

Baba ya zo ranar Asabar da wata 'yar jaka. Ya dubi tukunyar, ya tura yatsa cikin ƙasa, ya sunsuna, ya girgiza kai. Ya ce, "'Yata, wa ya yi masa wannan aiki?" Na ce ni ce, Baba. Ya ce, "To kin shaƙe shi ne. Kawo tabarma da bokitin ruwa."

Ya kife tukunyar a hankali, ya wanke ƙasar. Saiwoyin anturiyam masu lafiya farare ne, masu kauri kamar taliya 'yar murji, in ka matsa ka ji su da ƙarfi. Na Mama kuwa kusan duk sun koma baƙi-baƙi, in ka ja sai fatar ta saɓule ta bar wani siririn zare. Yana aiki yana yi min bayani, kuma bayanin nan shi ne abin da nake so duk mai sha'awar irin wannan shuka ya riƙe. Ya ce a dajin da ta fito, sau da yawa ba a cikin ƙasa take zaune ba. A jikin manyan itatuwa take maƙalewa, ko a kan tarin ruɓaɓɓun ganye da gansakuka a gindinsu. Na ce kamar kauci ke nan? Ya ce a'a, kauci tsotsar itacen yake yi, wannan kuwa mazauni kawai ta ara, abincinta daga ruwan sama da ɗan dattin da ya taru take samu. Ruwa na dukanta kusan kullum, amma nan take yake tsanewa, iska ta ratsa saiwoyin. Saiwa ma numfashi take yi. In ka cusa ta cikin laka ruwa ya kwanta, iska ba ta shiga, sai ta mutu ta ruɓe. Saiwar da ta ruɓe kuma ba ta jan ruwa, don haka ganye sai ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa alhali yana tsakiyar ruwa. Mai shi ya gani ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Abin da na yi ke nan daidai. Tarkacen da na raina na zubar kuwa, shi ne ainihin abin da shukar ke so.

Ya ɗauko sabuwar reza ya goge ta da sifirit, ya yanke duk saiwar da ta ruɓe. Da yake tsohuwar shuka ce, tana da dogon kara mai gaɓa-gaɓa. Gindin karan ya riga ya ruɓe, ya yi ta yankewa kaɗan-kaɗan har ya kai inda cikinsa ya fito tsaf ba tabo. Abin da ya saura ya raba shi biyu: na sama mai ganye biyun nan da wasu gajerun saiwoyi uku da suka tsiro a saman ƙasa suka tsira, sai guntun tsakiya mai gaɓa biyu, ba ganye ko ɗaya. Ya barbaɗa garin gawayi a wuraren da ya yanka, ya ajiye su a inuwa su sha iska na 'yan sa'o'i. Ya ce kada in jefar da guntun nan, a kowace gaɓa akwai ido a kwance, in Allah ya so zai farka.

Sannan ya koya min haɗin da ake shuka shi a ciki. Ɓawon kwakwa na waje, mai zare-zaren nan, a yanka shi gutsi-gutsi kamar girman goro, a jiƙa shi kwana biyu ko uku ana canza ruwa don gishirin da ke jikinsa ya fita. Gawayi, a farfasa shi girman gyaɗa ko ɗan fi, a wanke ƙurar. Busasshen ɓawon itace. Sai ɗan ruɓaɓɓen ganye da ya zama taki, kaɗan kawai. Awonsa shi ne gwangwani biyu na ɓawon kwakwa, ɗaya na gawayi, ɗaya na ɓawon itace, rabi na takin ganye. Ya ce gwajin shi ne in ka zuba ruwa ya fito ta ƙasa nan da nan; in ya tsaya a sama yana shawagi, haɗin ya yi nauyi. Ya kuma ce tukunyar Mama ta yi wa 'yan saiwoyin da suka rage girma, domin babbar tukunya tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Muka samo ƙaramar tukunyar ƙasa mai huda a gindi, muka dasa na saman. Guntun karan kuma ya kwantar da shi a kan jiƙaƙƙen zaren kwakwa cikin wata farar roba mai murfi da ake ganin ciki, ya ce in riƙa buɗewa kullum na ɗan lokaci iska ta shiga.

Da zai tafi na tambaye shi, "Baba, zai rayu?" Ya ce, "Ban yi miki alkawari ba. Abin da ya rage miki shi ne ki cire hannunki daga kansa."

A daren nan na kira Mama. Na gaya mata komai, har da ƙaryar da na yi mata da zuwan da na yi wurin masu sayar da furanni. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ta ce, "Amarya, shuka tana mutuwa a hannun kowa. Amma da na tambaye ki, me ya sa kika ce lafiya?" Ba ni da amsa. Ta ce sai da safe, ta kashe wayar. Kusan mako uku ba ta kira ni ba, ita da ba ta wuce kwana huɗu ba mu gaisa ba. Na aika saƙon gaisuwa ranar da aka yi mata aiki, ɗanta ne ya amsa. Wallahi kwanakin nan sun yi min tsawo. Ba tsoron a tashe mu daga gida nake ba, duk da shi ma ya zo min a rai. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne matar da ta rufa mana asiri sau biyu, ni na kasa gaya mata gaskiya a kan tukunya ɗaya.

Shukar kuwa ta yi tsit. Ɗaya daga ganye biyun ya ƙarasa bushewa, saura ɗaya. Cire hannun da Baba ya ce ya fi komai wuya. Kullum sai na ji kamar in tone in ga ko saiwa ta fito. Na daure. Na ajiye tukunyar kusa da tagar gabas, bayan labule mai shara-shara. Ba na ba da ruwa sai na tura yatsa na ji saman haɗin ya bushe har gaɓar yatsa ta farko, sannan in kai ta wajen wanke-wanke in zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasa, in bar ta ta tsane kafin in mayar.

A mako na shida na ga kan wata farar saiwa ya leƙo ta gefen tukunya. Bayan ruwan farko ya sauka a ƙarshen Maris sai wani ɗan tsiro ya fito daga tsakiya, a nannaɗe. Da ya buɗe bai fi tafin hannun jariri ba, launinsa ja-ja kamar jan ƙarfe, mai laushi kamar rigar albasa. Na tsorata, na zaci wata cutar ce. Baba ya ce haka sabon ganyensa yake fitowa, zai yi ta faɗaɗa kullum na mako biyu zuwa uku, sannan ya yi ƙwari ya koma kore. Ya gargaɗe ni kada kowa ya taɓa shi a wannan lokaci, domin ɗan ƙarzanen da ya samu yana ƙarami da shi zai girma. Autana bai ji wannan gargaɗi ba, ya sa farce, kuma tabon yana nan a ganyen har ya tsufa. A cikin robar ma, ido ɗaya ya kumbura ya fitar da ɗan koren kai.

Na ɗauki hoton jan ganyen na tura wa Mama ba tare da na rubuta komai ba. Bayan sallar isha'i wayata ta yi ƙara. Ba ta ko gaisa ba ta ce, "Ki matsar da shi daga jikin bango, zai goge." Daga nan muka ci gaba da magana kamar da.

Ga abin da na koya a wannan shekara, ga duk wanda ya samu irin wannan shuka ko yake sha'awarta.

Haske take so mai yawa, amma ba rana kai tsaye ba, domin a daji inuwar manyan itatuwa ce a kanta. 'Yar ranar sassafe ba ta yi mata komai, ta tsakar rana kuwa ƙona ganyen take. In kuma aka jefa ta lungu mai duhu ba za ta mutu nan take ba, sai dai sababbin ganyen su riƙa fitowa ƙanana, ruwa kuma ya daɗe bai bushe ba.

Ba a yi wa ruwa ranar ƙa'ida. Da damina nakan yi kwana shida ko bakwai ban ba ta ba, da rani kwana uku ko huɗu. Yatsa ne alƙali. Ruwan sama ya fi, nakan tara a jarka. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da gishiri-gishiri, alamarsa farin busshi a bakin tukunya da ƙonewar tsinin ganye. Kada a bar ruwa ya kwana a farantin ƙasa.

Tana son iska mai laima, kashi 60 cikin 100 ko fiye. Mu da ke kudu Allah ya hutar da mu, yawancin shekara iskarmu ta ishe ta. Hunturu ne lokacin wahala. In ya shigo nakan rufe tagar da ke kusa da ita, in tara ta da sauran tukwane wuri ɗaya, in ajiye kwanon ruwa a gefe. Fesa ruwa a ganye laimarsa ba ta daɗewa. Kada a ajiye ta inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa. Sanyi ƙasa da digiri 15 yana cutar da ita, don haka mai niyyar kai wa 'yan uwa tsaraba Kano ko Jos ya sani cewa dararen hunturu a can suna sauka ƙasa da haka, ga bushewar iska. Sai an ajiye ta cikin ɗaki an kula sosai.

Taki kaɗan take so. Kashin awaki ko na kaji da bai ruɓe ba ƙona saiwar yake. Ina amfani da takin zamani na ruwa, in tsinka shi ya zama rubu'in abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata lokacin da take fitar da ganye, kuma ba na zubawa sai haɗin yana da danshi.

Ƙura tana toshe ganyen, ga shi karan-miski mai kama ƙura ne. Nakan wanke shi da ruwa a hankali, ko in goge da tsumma mai laushi. Kada a shafa masa mai ko madara don ya yi sheƙi. Lokacin wankin nakan duba bayan ganye. Akwai wasu fararen ƙwari kamar ɗigon auduga da ke ɓuya a kusurwar kara, da wasu ƙanana ƙwarai masu saƙa kamar ta gizo-gizo, waɗanda suka fi yawa lokacin bushewar iska. Na farkon nakan cire su da auduga da sifirit. Na biyun wanki da ruwa mai ɗan sabulu kaɗan, a ɗauraye, a maimaita bayan mako guda har sau uku.

Masu ƙananan yara su kula. Kun san ƙaiƙayin da ɗanyen gwaza ke sa wa a maƙogwaro? Sinadari iri ɗaya ne a jikin wannan shuka, wasu ƙananan allurai ne da ido ba ya gani. In yaro ko kyanwa ko akuya ta tauna, baki zai yi zafi ya kumbura. A ɗora ta inda hannu ba ya kaiwa, a wanke hannu bayan an yanka ta. In yaro ya tauna a wanke masa baki, in kumburin ya yi yawa ko numfashi ya canza a garzaya asibiti.

Mama ta dawo a watan Satumba, wata 11 bayan tafiyar da ta ce ta wata uku, tana dogara sanda. Bayan an gama tarbarta mutane sun ragu, na hau da tukwane biyu. Babban yana da ganye huɗu, ba wanda ya kai rabin faifai. Ƙaramin, wanda ya fito daga guntun kara, ganyensa biyu kamar kunnen zomo. Ta sa tabarau ta daɗe tana jujjuya babban, ta ga tabon farcen auta, ta tambayi wanda ya yi, na faɗa, ta yi dariya. Ta ce a mayar da shi kan kujerarsa a baranda. Na juya zan ajiye ƙaramin kusa da shi, sai ta ce, "Wannan a ɗakinki aka haife shi. Sauka da abinki."

Shi ne wanda kuke gani a bakin tagata. Yanzu ganyensa biyar, na shida yana nan tafe, ja-ja. Kwanan baya na fito da asuba na tarar da maigidana, mai tambayar ko ana miya da shi, ya tura yatsa cikin tukunyar. Ya ɗago ya ce min, "Kada ki ba shi yau, da sauran danshi."

Wanda yake da irinta ta fara yi masa rawaya, kafin ya ƙara ruwa ya fara duba saiwa. In kuma ta aro ce, ya kira mai ita tun ganye ɗaya ne ya lalace. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.